Sa Hannun Saudatu

Tun da Saudatu ta ƙi haɗa ido da shi wajen karin kumallo, Malam Tanimu ya san yau ba lafiya ba.

Doka ce: duk masanin da ya tantance bincike ya ce a buga shi a mujallar kimiyyar jiragen sama, sai wani na jininsa ya hau jirgin ranar gwajin farko. Saudatu, 'yar Malam Tanimu, ta amince da binciken wani sabon fiffiken jirgi, ƙuri'a kuwa ta faɗa kan uban.

A filin jirgi ya hango dattijon da ya ƙera fiffiken yana ɗaga mata hannu irin na tsohuwar sanayya.

"Saudatu, ba kin ce ba a sanin mai aikin ba?"

"Ana ɓoye suna, Baba."

"Amma kin gane shi."

"Malamina ne. Salon lissafinsa ba ya ɓuya."

"To kin duba da gaske, ko nauyinsa kika ji?"

Ta buɗe baki ke nan aka kira sunansa. Ya gyara hula, ya yi bismillah ya hau. Har aka rufe ƙofa bai san ko 'yarsa ta karanta aikin nan har ƙarshe ba.