Jan Littafin Awo

Ranar Litinin da safe tela ta tarar da aljihun teburinta a buɗe, makulli yana lilo a jiki, jan littafin awo babu shi. Ƙanwar mijinta ma babu ita. Kafin azahar labari ya iso cewa ta kama shago a ƙarshen layi, har ta kafa allo.

Shekara shida ƙanwar mijin ta yi a shagon. Ta zo ko zare ba ta iya sa wa keke ba. Tela ta koya mata yanka, ta koya mata dasa hannun riga, ta saya mata almakashi irin nata. Wata uku da suka wuce, tela tana bayan labulen gwaji tana tsintar allurai, ta jiyo ta a waya tana dariya: "Ai tsohuwar idonta ya mutu, ni nake mata komai. Bari dai in samu manyan kwastomominta." Tela ta ci gaba da tsintar alluranta. Ta ji haushi, irin wanda barci ba ya wankewa.

Littafin awo biyu ne a shagon. Ɗaya baƙi, bangonsa ya yage, kullum yana yashe a teburin yanka, har kofin shayi ake ɗorawa a kansa. Ɗayan ja ne, yana kulle, makullin kuma a wuyan tela yake kwana. Mata ashirin da uku ne a ciki, da awonsu da lambobin wayarsu: matar lauya, mai kantin zinare, uwar likita, da ire-irensu masu zuwa da direba. Duk ranar da ɗayarsu ta shigo, tela takan ja dogon numfashi ta miƙe ta ce wa ƙanwar mijin, "Bar min wannan." Ko tef ba ta barin ta taɓa.

Cikin mako biyu duka ashirin da ukun suka koma ƙarshen layi. Ƙanwar mijin ta bi su da waya ɗaya bayan ɗaya, tana cewa duk rigar da suka taɓa yabawa hannunta ne. Wasu suka riƙa wucewa ta ƙofar tela ba ko gaisuwa. Matar lauya ce kaɗai ta leƙo, wai ta zo sallama.

"Ki je, ta fi ni hannu," in ji tela. "Kuma ba ta gajiya. Ko sau nawa za ki koma, ki koma."

Maƙwabta suka fara lissafa wa shagon kwanakinsa. Mijin tela, wanda ya san likita ya daɗe yana mata faɗa kan hawan jini, ya ji tsoron kada baƙin ciki ya kwantar da ita. Ya ɗauki hularsa zai je ya ƙwato littafin.

"Zauna, maigida," ta ce. "Ƙanwarka ce. Na bar mata har abada."

Dangi suka yi ta sa mata albarka, wai ba a taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Ita kuwa ta ci gaba da ɗinka wa mutanen baƙin littafi, malaman makaranta da ma'aikatan jinya, masu zaɓar ɗinki sau ɗaya su karɓa su yi godiya. Ta fara rufe shago da la'asar. Ƙwayar hawan jinin ta koma rabi.

A wata na huɗu ƙanwar mijin ta shigo, ta rame, wuya ya fito, jan littafin a hannu.

"Yaya, ki yafe min, ki karɓi kayanki," ta ce. "Matar lauya sau bakwai ta dawo da riga ɗaya. Mai kantin zinare sai na yanka yadi take canja ɗinki. Uwar likita ta rantse ƙugunta talatin da biyu ne, ta zage ni a gaban mutane. Wata tun safe take zama a shagona, ta kore min kowa da surutu. Yaya kike yi da su?"

"Haƙuri, ƙanwata," in ji tela, ba ta ko ɗaga ƙafa daga keke ba. "Ai idonki da sauransa, ba irin na tsohuwa ba. Tafi da littafinki, kyauta ba ta dawowa."

Ta bi ta da kallo har ta fita, ranta fes. Shekara shida take rubuta sunan duk macen da ke shan jininta a jan littafin nan, tana tare wa ƙanwar mijin su, tana neman ranar da za ta sallame su, kunya tana hana ta. Ranar Asabar ɗin da ta bar makulli a jikin aljihun tebur, sai da ta dawo daga bakin titi ta duba ko ta bar shi inda ido zai gani.