Zakaran Masu Fassarar Zorbel

Ranar da Zorbel ya faɗi, Anacleto yana kicin yana feren dankali, don tun da ya sayar da jirgin kamun kifinsa ya zuba kuɗin a Zorbel, aikin da ya rage masa ke nan. Waya ta yi ƙara, ya duba, wuƙa ta suɓuce daga hannunsa. Kafin ruwan tukunya ya tafasa, abin da ya haɗiye jirgi sukutum ba zai sayi kwandon kifin sardin ba.

Zorbel kuɗin kirifto ne, irin wanda ba a taɓawa, ba a sawa a aljihu, sai dai a kalle shi a waya kamar hoton mamaci. Wasu samari ne suka ƙirƙiro shi a wata ƙasa, kuma duk abin da suka rubuta da Turanci yake fitowa. Sai masu jin harshen Fotugis suka haɗa ƙungiyar sa-kai suna fassarawa kyauta. Manya da gemunsu, suna yi wa masu kuɗi aiki babu ko kofin gahawa.

Anacleto ya tsinci Turanci ne a masana'antar kifi a Kanada, kuma a ƙungiyar shi ne zakara. Manhajar fassarar takan yanka rubutu gutsi-gutsi, ta cakuɗa, ta miƙo maka layi ɗaya, kana gamawa wani ya faɗo. Wanda ya fi yawan layuka, sunansa ne a sama. Abokiyar hamayyarsa ɗaya ce, Jucélia, wata ma'aikaciyar jinya a Recife ta Brazil. Da yake gari yana wayewa a garinsu Peniche ita tana barci, kullum yana riga ta. Yana yi yana tauna burodi, yana yi yana kallon ƙwallo. Ya sha yin alfahari a shagon gahawa cewa yatsunsa sun daina jiran kansa. Shafin da ake wallafa aikin kuwa bai taɓa buɗewa ba, wai wannan na masu koyo ne.

Graciete matarsa ta dawo daga kasuwar kifi, ta ji labari. Shekarunta talatin tana fasa cikin kifi, ba ta ɓata numfashi a banza. Ta ɗauko tsohuwar jakarsa ta Kanada ta ajiye a bakin ƙofa. Bertino yayanta, wanda ya sayi jirgin, yana da rumfar ajiye komar kamun kifi a bakin teku, ta ce akwai benci a ciki.

Anacleto ya rantse da kabarin uwarsa cewa cin amanarsa aka yi. Ya duba, ya ga kusan duk 'yan ƙungiyar sun sayar da nasu tun makon jiya. Ke nan akwai wanda ya san abin da ke tafe, ya rarraba wa kowa, ya ɓoye masa shi kaɗai saboda hassada. Makon nan ma fa suka yi ta aiko masa da saƙon godiya, wani malamin makaranta har da kwalbar giya daga Braga, ashe dariya suke yi masa.

"To, ka nuna min shi," in ji Graciete. "In akwai wanda ya sani ya rufe ka, ni zan kai ka wurin lauya da ƙafata. In babu, maigida, benci na jiranka."

Ya fara kira. Malamin makarantar Braga ya ce shi dai ya karanta sanarwar kamfanin, cewa ƙarshen wata za su daina karɓar kuɗin, mai son nasa ya cire. Da Anacleto ya tambaye shi wace sanarwa, mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce shi ya sa yake son sa, ba ya rabo da barkwanci. Wani direban tasi a Luanda ya yi masa irin wannan dariyar, har ya tambaye shi motar da zai saya da nasa rabon. Anacleto ya kashe wayar. Sun haɗa baki, har dariyarsu iri ɗaya ce.

Saura mutum ɗaya. Wa zai so ya ga bayansa in ba wadda ya hana hawa sama ba? Ya jingina wayar da kwalbar man zaitun, ya ja wa Graciete kujera don ta shaida da idonta, ya kira Recife.

Jucélia ta fito da kayan asibiti, tana cin ayaba.

"Tsohon teku, yau kai ne da kirana? Ko layukan sun ƙare ne?"

Bai biye mata ba. Ya gyara wuyan riga, ya ce a gaban matarsa yake so ta faɗi gaskiya. Sabon rubutu ba ya isa ga jama'a sai ya bi ta hannun mai fassara, don haka akwai wanda ya ga sanarwar nan kafin kowa, ya san jirgin wani bawan Allah na ciki, ya yi shiru. Sunansa kawai yake so.

Jucélia ta daina tauna. Ta kalle shi, ta kalli matar da ke gefensa, ta hango jakar a bakin ƙofa.

"Tsaya. Kai ba ka sayar ba?"

"Suna na tambaye ki, yarinya."

Graciete ta matso da kujerarta, ta ce, "Faɗi, 'yata, kada ki ji tsoron kowa. Ko ɗan'uwana ne sai na ci mutuncinsa."

Jucélia ta ajiye ɓawon ayabar a hankali.

"Uwargida Graciete, kafin in farka ranar an riga an wawushe layukan sanarwar kaf, ko ɗaya ba a bar min ba. Mijinki ne ya fassara mana ita daga farko har ƙarshe, kuma na rantse fassarar ta yi kyau."