Wa Ke Tashi da Jirgin Injiniya?

"Wata uku ban taɓa jirgin nan ba, a ce in biya kuɗin sauka?" Injiniya Zulkifilu ya daki tebur. Takarda ce ta iso gidansa da ke garin Woodbridge, kusa da Washington, daga wani ƙaramin filin jirgi, wai jirginsa ya sauka can har sau huɗu.

Ba kuɗin ne ya dame shi ba. Shekara ashirin yana tuƙa ɗan jirginsa a gefen Washington, inda kuskure ɗaya a sama kan raba mutum da lasisinsa. Yanzu ga wani ɓarawo zai ja masa.

'Yarsa Afnan ta ce, "Baba, bari in biya kawai."

"Ki biya wa ɓarawo? Ai suna da kyamara. Kira su, su turo hoton mutumin!"

"Don Allah, Baba, a bar maganar."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ba ta kira kowa ba. Ta buɗe wayarta, ta miƙa masa, kanta a ƙasa.

Hoton da filin jirgin ya turo ne. Ga jirgin. Ga wani dattijo tsaye jikin fiffike yana murmushi. Injiniya ya matso da wayar, ya ƙura ido. Fuskarsa ce.

Can ya ce, "Yaushe ne wannan?"

"Watan jiya. Tun ranar na ɓoye makullin jirgin."

"To me ya hana ki gaya mini?"

Ta share hawaye. "Baba, yau karo na uku ke nan ina nuna maka hoton nan."