Tsamiyar 'Yan Aji Biyu

Tun da aka kawo wa makarantun firamare ruwan gaggawa, mai sa shuka ta girma nan take, yaro yakan shuka wake a gwangwani da safe, ya tsinki 'ya'yansa kafin azahar. Ni nake kai wa Malama Tasalla iri, don ina son kallon ganye yana buɗewa kamar tafin jariri.

Ranar Talata na kai mata ƙwallayen tsamiya.

"Baba Ɗantani, gwangwani ba zai ɗauki tsamiya ba," in ji ta.

"To, mu fita da yaran mana, 'yata. Na san wuri."

Wurin shi ne ƙofar gidan Alhaji Mamuda, wanda ya sare tsamiyar da mahaifiyata ta dasa, ya malala siminti don motocinsa. Da na yi magana, cewa ya yi tsoho da tsohon itace duk tare hanya suke yi.

Na koya wa yaran wasa: kowa ya nemi tsaga a simintin, ya tura ƙwallo, ya ɗiga ruwan gaggawa, ya yi tafi. Suna tafi, siminti yana darewa. Kafin la'asar saiwa ta ɗaga motarsa, reshe ya leƙa tagar ɗakinsa.

Ya fito ba hula. "Ɗantani! Aikin wane ɗan banza ne wannan?"

"Darasi ne, Alhaji. Jikarka Ladidi ce ta zo ta ɗaya."

Na zauna a sabuwar inuwar. Tsuntsaye suka zo, suka kewaya, ba wanda ya yarda ya sauka kamar yadda suke sauka a tsamiyar mahaifiyata. Ni dai ban tashi ba, don daga nan nake ganin fuskar Alhaji sosai.