Ranar da Lasifika Ta Ɗauke

Turai ta taso daga Shinkafi har Ƙaura Namoda da magana ɗaya a ranta. Shekara ashirin ke nan tana ɓoye wa Hamdiyya ita, aminiyarta tun suna 'yan amshin ƙasida a Islamiyya.

"Hamdiyya, ki gafarce ni. Ranar walimar saukarmu, ni na ce wa Malam muryarki ta dishe, don ya ba ni jan baiti. Kin dai ga yadda Allah Ya saka miki. Ina buɗe baki lasifika ta ɗauke, ba wanda ya ji ni."

Hamdiyya ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Turai, ni ma ki gafarce ni. Ni na zare wayar."