Jar Dara

Tun da aka kafa dokar aron ido, duk yaron da ya shekara uku sai an kai shi asibiti, iyayensa su sa wani tabarau su ga duniya yadda yake ganinta. Da layi ya zo kan Kyauta, mahaifinta Ilu tela ya saɓo ta a kafaɗa, sanye da tsohuwar jar darar nan da matarsa Lantana ta gaji da roƙonsa ya yar.

Likita ta ɗiga wa yarinyar magani a ido, ta daɗe tana kallon allo.

"Malam, jijiyar ganinta ba ta gama girma ba tun tana ciki. Da wuya ake samun irinta. Sa tabarau ka gani."

Ilu ya sa. Ɗakin ya koma kamar hayaƙi ya turnuƙe shi, babu likita, babu Lantana. Sai wani jan abu da ke motsi duk sanda ya motsa kai. Nan ya gane shi ne wannan. Ashe ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

"Baba!" Kyauta ta miƙa wa jan abin hannu tana dariya.

"Maganin ba ya fita," in ji likita. "Daga yau abin da ta gani, mu ma a asibiti muna gani."

Da suka kusa gida, Lantana ta dubi Ilu.

"Baban Kyauta," ta ce, "a ragowar yadinka akwai ja? Ɗinka mini ɗankwali. Ni ma ina so ta gan ni."