Baƙon da Inna Ta Gani

Ina 'yar shekara bakwai kwalara ta shigo ƙauyenmu, kusa da garin Rusairis. Ranar da ta kama Inna, maƙwabta suka rufe ƙofofinsu. Da la'asar gari ya yi tsit, Inna kuwa tana kwance tana gaisawa da kakata, wadda ta daɗe da rasuwa.

Sai ga Hala Marta, Kirista 'yar Kudu mai aikin jinya, ta shigo da bokiti. Ta durƙusa ta wanke Inna, tana ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali.

Na ce, "Hala, ba ki jin tsoro?"

Ta ce, "Ina ji, ya bitti, 'yata. Amma Almasihu yakan zo a jikin marar lafiya. In shi ne kwance nan fa?"

Inna ta buɗe ido, ta dubi bayan Hala inda babu kowa, ta ce, "Ku ba baƙon nan tabarma."

Inna ta warke. Hala Marta aka binne bayan kwana tara. Har Inna ta tsufa ta rasu, ban taɓa iya tambayarta wa ta gani ba.